Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Uba Sani: Ɗalibin Da Ke Gadon Asibitin Ƙwaƙwalwa Yana Jiran Malaminsa

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya yi riƙo da hannunka a kan wannan nauyi da ya ɗora maka, ina neman izinin kawo maka kukan wasu yara da ba su da bakin kawo shi da kansu. Ni malamin sakandare ne a cikin garin Kaduna, na haura shekara 20 ina riƙe da alli. Ilimin zamantakewar al'umma na karanta a jami'a, amma ban fahimci nauyin abin da aka koya mini ba sai da larura ta zaunar da ni a kan benci, a bakin ɗakin jinyar masu taɓin hankali.

Ɗan yayata ne ya kamu. Yana da shekara 16, yana aji biyu na babbar sakandare, yaro mai kunya da son lissafi. Barci ya fara ƙaurace masa, sai surutu shi kaɗai, sai tsoron abincin gida. Muka yi abin da yawancin gidajenmu suke yi: aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, wata inna ta ce jifa ne, wata ta ce ya taka sawun iska ne. Wata huɗu suka wuce kafin mu kai shi asibiti, inda aka kwantar da shi mako 11. Likitoci da nas-nas sun yi aikinsu, Allah ya saka musu da alheri. Cikin mako uku yaron ya dawo hayyacinsa, ya gane mahaifiyarsa, ya ci abinci. Ranar da na ga alamar sauƙi ta tabbata, maganar farko da ya yi mini ita ce, "Kawu, an fara jarrabawa?"

An fara, har an gama. Na rasa amsar da zan ba shi.

Ranka ya daɗe, duk wanda ya taɓa jinya a irin wannan ɗaki ya san yadda yini yake tafiya. A tashi, a sha magani, a karya kumallo, likita ya zagaya. Daga nan sai zama. Yaron da ya saba da ƙararrawa da layin asambili da faɗan monita da guje-gujen tara, yanzu ba wanda yake jiran komai daga gare shi sai ya haɗiye ƙwaya ya kwanta. Na ga samari majiya ƙarfi suna zaune suna kallon bango tun hantsi har la'asar. Wannan zaman ya fi komai tayar mini da hankali, domin na san abin da zaman banza yake yi wa yaro mai lafiya ma, balle wanda zuciyarsa take neman abin kamawa.

Sai na nemi izini na fara zuwa da littafin lissafi da 'yan littattafan rubutu a lokacin ziyara. Muna zama a gefe, mu yi minti 20 ko 30, domin maganin yana sa shi gyangyaɗi, hannunsa kuma yana rawa idan ya riƙe biro. A rana ta uku wasu samari biyu suka matso suna leƙe. Kafin mako ya zagayo yaran sun zama shida. Akwai wani a cikinsu da kowa ya san shi da shiru, an ce shaye-shaye ne ya kawo shi, ba ya ɗaga kai ko an kira shi. Wata rana na yi kuskure a wani lissafi, sai na ji murya daga bayana a hankali tana cewa, "Malam, ba haka ba ne." Ya karɓi biron ya gyara. Tun daga ranar sauran suka laƙaba masa suna Malam Lissafi. Ya fara wanka ba tare da an matsa masa ba, ya fara jirana a bakin ƙofa, har yana tattara littattafan idan mun tashi. Ban ce lissafi ne ya warkar da shi ba, magani da kulawar likita ne suka yi wannan. Abin da na gani da idona shi ne yaron da aka daina tsammanin komai daga gare shi ya samu wani abu da ake nema a wurinsa, sai ya miƙe.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Masana zamantakewa sun daɗe suna bin diddigin wannan magana. Wani masani haifaffen Kanada, Erving Goffman, ya shafe kusan shekara guda yana zama cikin wani babban asibitin ƙwaƙwalwa a birnin Washinton na Amurka, ya fitar da abin da ya gani a 1961. Ya nuna cewa duk wurin da mutum yake kwana, yake ci, yake yini a ƙarƙashin doka ɗaya, a yanke da sauran duniya, a hankali wurin yana tuɓe masa rigunan da ya shigo da su. Ya shigo yana ɗan wane, ɗalibin aji kaza, mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon unguwa, sai a wayi gari riga ɗaya ta rage masa, ta majinyaci. Babba yana da sana'a da iyali da za su tuna masa ko shi wane ne idan ya fita. Yaro ɗan shekara 15 kuwa yanzu yake ɗinka tasa rigar, kuma mafi girman ƙyallen da yake da shi sunan ɗalibi ne. Idan aka karɓe wannan a ƙofar asibiti, me aka bar masa?

Abin da ya biyo bayan sallama ya fi zaman asibitin ciwo. Ɗan yayata ya koma makaranta ya tarar zango ya wuce, ba shi da makin gwaji ko ɗaya, aka ce sai ya maimaita aji. Labari kuma ya riga shi isa. A garin nan, ko a wane asibiti aka kwantar da yaro, sunan da yara za su liƙa masa ɗaya ne, su ce ɗan Barnawa, kamar yadda ake cewa Dawanau a Kano. Sunan unguwa mai mutunci, da asibitin tarayya da yake yi wa Arewa hidima tun shekarun 1970, ya zama abin gori a bakin yaran da ba su san me suke faɗa ba. Idan ya yi dariya a ce abin ya motsa, idan ya yi shiru a ce abin ya motsa. Abokin zamansa ya ɗauke jakarsa ya koma wani benci. Mako biyar ya jure, sannan ya ce ba zai ƙara zuwa ba. Ya daina shan magani domin, a cewarsa, maganin ne yake nuna shi mahaukaci ne. Bayan 'yan watanni muka sake komawa asibiti. Sai da aka yi shekara biyu, da darasi a gida da rarrashi da addu'a, kafin ya zauna jarrabawar kammala sakandare a matsayin mai zaman kansa. Shi ya yi sa'a yana da kawu malami. Sauran biyar ɗin da muka zauna da su a kan benci fa?

Mai girma Gwamna, wannan ba matsalar gida ɗaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna farawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Mu da muke cikin aji mun san tiramol da sholisho da wiwi ba su jira yaro ya gama sakandare.

Jiharmu kuma tana da nata ƙarin nauyin. Ɗaliban Afaka da 'yan bindiga suka sace a watan Maris na 2021, ɗaliban Bethel Baptist sama da 120 a watan Yuli na shekarar, yaran Kuriga 137 da kai da kanka ka karɓa a watan Maris na 2024 bayan sun yi sama da mako biyu a daji. Ga dubban da ba a buga sunayensu a jarida ba, waɗanda suka baro ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Kajuru, suka ga abin da bai kamata idon yaro ya gani ba. Irin wannan rauni ba ya nuna kansa nan take. Wani sai bayan shekara biyu ko uku zai fara firgita cikin dare, ko ya nemi abin da zai sha ya manta.

Kada kuma mu manta da abin da aka gano a Rigasa a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300, manya da yara, daga wani gida, wasunsu da mari a ƙafa. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu. Na daɗe ina tunanin abin da ya kai uba ga haka. Wani ɓangare na amsar shi ne an yi masa alkawarin abu biyu a wuri ɗaya: za a gyara ɗanka, kuma zai yi karatu. Uba yana jin sauƙin cewa ɗansa yana makaranta fiye da cewa yana asibitin mahaukata. Ranar da asibiti zai iya cewa da uba, kawo shi, za a yi masa magani kuma karatunsa ba zai tsaya ba, ranar an rage wa gidajen mari kasuwa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata suke zama a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani ɗan'uwansa. Da rana su je a duba su, da yamma su koma cikin jama'a, su ji kiran kasuwa da kukan yara. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya a jiki maimakon ya kore su. Duniya ta yaba da tsarin, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da Lambo ya gane shi ne mutum yana warkewa ne a cikin mutane. Ga matashi kuwa, ƙauyensa shi ne aji.

Akwai kuma abin da ya kamata a koyar a wannan aji bayan lissafi da Turanci, kuma a nan ne nake so in ɗan tsaya. Kusan duk yaron da na zauna da shi a can yana ɗauke da amsa ɗaya daga cikin biyu game da halin da yake ciki: ko dai ni lalatacce ne, ko kuma an yi mini asiri. Ta farko tana kashe zuciya, ta biyu tana ɗaure hannu. Wata rana na ba kowannensu takarda na ce ya rubuta sunansa a tsakiya, ya zagaye shi da mutanen da yake yini da su, na kusa a kusa, na nesa a nesa. Sannan muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wa kake gaya wa damuwarka? Wa yake jin tsoronka, wa kake jin tsoro? A wace majalisa aka fara miƙo maka kwalba, kuma me kake tsoron za a ce da kai idan ka ƙi karɓa? Wani ya ga cewa tun da aka saki mahaifiyarsa ba shi da kowa a da'irar farko. Wani ya ga duk abokansa bakwai babu mai zuwa makaranta ko wurin sana'a. Da suka kwatanta takardunsu, sai suka yi shiru, domin zanen ya yi kama da juna.

Wani masanin Amurka, C. Wright Mills, ya yi bayani a 1959 cewa idan mutum ɗaya ne ba shi da aiki a gari mai mutum 100,000, to a duba halinsa da ƙwarewarsa, amma idan miliyoyi ne, to a duba yadda aka tsara al'umma. Yaro yana da haƙƙin a nuna masa wannan bambanci. Yin haka ba ya sauke masa alhakin abin da ya aikata. Abin da yake yi shi ne ya nuna masa ramin da ya faɗa, da yadda aka haƙa shi, da ta inda ake fita. Wanda ya gane cewa zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo masa farin kai, zai iya tunanin inda zai zauna idan an sallame shi. Wanda ya fahimci yadda gori yake aiki, ya san cewa tsoro da rashin sani ne suke sa abokinsa ya ɗauke jaka, to ranar da aka kira shi ɗan Barnawa maganar za ta yi masa zafi amma ba za ta zama hukunci a kansa ba. Har gwaji muka riƙa yi: ɗaya ya zama mai gori, ɗaya ya ba da amsa, sauran su ce wace amsa ta fi.

Ina so in yi gaskiya a nan, wannan aiki yana da haɗari idan aka sake shi ga wanda bai iya ba. Malami ba likita ba ne. Akwai ranar da na taɓo maganar gida, wani yaro ya rikice, sai da nas ta shigo ta kwantar masa da hankali, na koma gida ina zargin kaina. Dole likita ne zai ce wane ya isa shiga aji, wane a bar shi tukuna, wace magana za a taɓa, wace za a bari. Dole kuma malamin ya san ba a yi wa imanin iyaye dariya. Uwar da ta yarda aljani ne ya taɓa ɗanta ba za ta saurare ka ba idan ka fara da ce mata jahila. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, kuma limamai da fastoci da yawa a jihar nan suna faɗin haka a kan mumbari.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwar rubuto maka shi ne duk kayan aikin suna nan Kaduna. A garin nan hedikwatar Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1989 a kan aƙida ɗaya: idan yaro ba zai iya zuwa makaranta ba, makaranta ta bi shi har ruga. A garin nan Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa take tun 1976, wadda ta ƙware wajen koyarwa daga nesa. Muna da sassan nazarin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna, muna da kwalejin ilimi a Gidan Waya, muna da asibitocin koyarwa a Shika da Barau Dikko. A 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, jihar nan ta kai darasi gidaje ta rediyo da talabijin. Jihar da ta iya bin yaro har ruga da tsakar gida ba za ta kasa bin sa gadon asibiti ba. A Ingila doka ce ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar da karatu ga yaron da rashin lafiya za ta hana shi zuwa makaranta kwana 15 ko fiye, kuma akwai makarantu na musamman a cikin asibitocin ƙwaƙwalwa. Mu ma muna da tushen doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, ba ta ware marar lafiya ba. Jihar nan ta yi dokar kare yara a 2018. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu wannan larura bambanci.

Roƙona shi ne ka ba da umarni ma'aikatar ilimi da ta lafiya su zauna a teburi ɗaya da shugabannin asibitocin da ake kwantar da matasa, na jiha da na tarayya, a ware malamai kaɗan daga cikin waɗanda suke karɓar albashi yanzu, a horar da su, a tura su can a matsayin wurin aikinsu. Ɗaki ɗaya, allo ɗaya, kabad na littattafai, ya isa a fara. Sunan yaro ya ci gaba da zama a rajistar makarantarsa, aikin da ya yi a asibiti a lissafa shi cikin makin zango, wanda jarrabawar WAEC ko NECO ta riske shi a kwance kuma likita ya ce zai iya, a nemi hanyar da zai zauna ta. Mafi muhimmanci a wurina shi ne ranar komawa. Kada a bar yaro ya tunkari ƙofar makaranta shi kaɗai. A samu wanda zai riga shi zuwa, da yardar iyaye, ya zauna da shugaban makaranta da malamin aji, a amince kan abin da za a faɗa da abin da za a rufe, a kuma ci gaba da leƙa shi har zango ya ƙare.

A tuna da 'yan mata. Wata uwa ta tare ni a harabar asibitin ta ce ko zan duba 'yarta ita ma, amma ta roƙe ni kada kowa ya ji, domin idan magana ta fita ba mai aurenta, har ƙannenta abin zai shafa. Yarinya takan fita daga asibiti ta wuce ɗaka, ba makaranta ba kasuwa, wani lokaci a gaggauta aurar da ita kafin a sani. Suna bukatar malamai mata, da sirri mai ƙarfi. A tuna kuma da wanda bai taɓa shiga boko ba. Almajirin da aka kwantar yana da allonsa da inda ya tsaya a hadda, a samo masa alaramma ya ɗora masa, a haɗa masa da karatu da rubutu da ƙirga. Wanda hankalinsa ya fi karkata ga ɗinki ko gyaran waya, a haɗa shi da mai koya masa tun kafin sallama.

Na san za a ce ga yara da yawa a kan titi ba sa zuwa makaranta, ga azuzuwa babu rufi, ina aka ga sararin 'yan tsirarun da ke asibiti. Ina koyarwa a irin waɗannan azuzuwa, na san zafinsu. Amma yaran da nake magana a kansu an riga an kashe musu kuɗi shekara tara, shekara goma, saura ƙiris su kammala. Iyayensu sun sayar da akuya da fili sun biya magani. Idan aka bar su suka zame a wannan gaɓa, su ne za a sake kwantarwa, su ne za a gani a tasha da ƙarƙashin gada, kuma a lokacin ɗawainiyarsu ta fi albashin malamai biyar nesa ba kusa ba.

Watanni bayan zamanmu na asibiti na haɗu da Malam Lissafi a tashar Kawo yana yi wa direbobi lodi. Shi ya fara gane ni. Ya ce lafiyarsa ƙalau, yana karɓar magani, amma bai koma makaranta ba domin an ce gurbinsa ya wuce, shi kuma ba ya son ya zauna da ƙannensa a aji ɗaya. Ya tambaye ni ko littafin nan yana nan. Yana nan, ranka ya daɗe, tare da littattafan rubutu guda shida da takardun da suka yi zane a kai, a cikin akwatina. Na cire sunayensu. A shirye nake in kawo su ga duk wanda ka wakilta ya duba, kuma idan aka buɗe wannan aji, ina roƙon a sa sunana cikin waɗanda za a tura.

Allah ya taimaki Gwamna, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin sakandare,
Tudun Wada, Kaduna.